WAIWAYE ADON TAFIYA: KURAKURAN DA AKE YI GAME DA TARIHIN HAUSAWA A GANA

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Sanin kowa ne cewa a duk lokacin da aka buɗe rajistar masu zaɓe, ko aka shiga rabon katin ɗan ƙasa, ko yaro ya tashi neman fasfo, akwai wata tambaya da ke jiran mai suna Garba ko Hadiza, wadda ba kasafai ake yi wa mai suna Kwame ko Akosuwa ba, wato: "Kai ɗan ina ne?" In ya ce shi ɗan Kumasi ne, sai a ce masa a'a, ainihin garinsu ake nufi. To a nan ne da yawa daga cikin samarinmu suke yin turus, domin a Kumasin aka haife su, a nan aka haifi iyayensu, kabarin kakanninsu ma yana nan, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa masu yadda aka yi aka zo.

Wannan tambaya tana da tushe a cikin wasu labarai da aka daɗe ana maimaitawa har suka zama kamar gaskiya. Wasu daga cikinsu maƙwabtanmu ne ke faɗa a kanmu, wasu kuwa mu ne muke faɗa da bakinmu a majalisu da wuraren suna da ɗaurin aure. A wannan wata mun ga ya dace mu ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, mu auna su da abin da tarihi ya tabbatar, ko da kuwa wani abin ba zai yi mana daɗin ji ba.

"Turawa ne suka kawo Hausawa"

Wannan ita ce maganar da ta fi kowacce yaɗuwa, kuma ita ce ta fi cutar da mu. Masu faɗarta suna ganin cewa Bahaushe bai san wannan ƙasa ba sai da Turawan Ingila suka ɗauko shi aikin soja da gadi. Alhali kuwa goro ne ya kawo Bahaushe, tun kafin a san da wata ƙasa mai suna Gwalkwas.

Goron da Hausawa suka fi so a dajin Asante yake tsiro, mutanen da kakanninmu ke kira Tonawa. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda aka ƙiyasta ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, ya kuma ce a zamanin Sarki Yakubu fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Turawan Fotugal kuwa ba su iso gaɓar tekunmu ba sai 1471, suka gina gidansu na Elmina a 1482. Sai dai ya kamata mai karatu ya lura cewa an rubuta wannan littafi ne ɗaruruwan shekaru bayan waɗannan sarakuna, kuma masarautar Gwanja kanta a ƙarni na 16 ta kafu. A bakin Bahaushe, Gwanja suna ne na duk ƙasar da ake samo goro. Amma ko an ajiye wannan littafi gefe guda, shaidun ƙarni na 18 da na 19 sun ishi mai neman hujja.

A wancan zamani kasuwar Salaga ce mahaɗa. Sarakunan Asante sun fi son fatake su tsaya a can, su kuma mutanensu su ɗauko goron a ka daga daji su kai masu. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato a ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, da jakuna da alfadarai da takarkarai ɗauke da kanwa, da turkuɗi, da saƙi, da jan fata, da gabu. Sai su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, su bi ta Zugu da Yandi har su sauka Salaga. Tafiyar watanni ce, ana biyan kuɗin fito da na garama a hanya, ana kuma tsaron 'yan fashi. A dawowa kuma ga ɗawainiyar goro: a kwance huhu, a tsince wanda ya lalace, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da ganye. Duk inda ayari ya saba yada zango, a hankali sai wani ya zauna ya zama mai masauki, wani dillali, wani mahauci, wani malamin allo. Asalin sunan unguwanninmu ke nan.

Turawan farko da suka shigo cikin ƙasa sun tarar da wannan harka ta riga ta kankama. Baturen Ingila Bowdich, wanda ya je Kumasi a 1817, da Dupuis da ya biyo shi a 1820, duk sun rubuta cewa sun sami Musulmi a fadar Sarkin Asante Osei Bonsu, suna yi masa rubutu da addu'a, kuma daga bakinsu suka ji sunayen garuruwan da ke kan hanyar ƙasar Hausa. A 1826 Clapperton ya gamu da ayarin Hausawa na kusan mutum 1,000, maza da mata, a Kayama ta ƙasar Bargu, suna komowa daga Gwanja da goro. Ingila kuwa sai 1874 ta ayyana gaɓar teku a matsayin ƙasar mallakarta, arewa kuma ba ta shiga hannunta sosai ba sai 1902. Mai karatu sai ya yi lissafi da kansa ya ga wanda ya tarar da wani.

Hatta abincin da ake ci a titunan Ankara da Kumasi shaida ne. Waakye daga shinkafa da wake ya samo suna, ga tuwon zafi, ga koko da ƙosai, ga fura. Abinci ba ya shiga tukunyar mutane da sunansa a kwana biyu.

"Sojan Hausa"

To daga ina waccan magana ta samo asali? Ba a rasa ɗan abin da ta dogara a kai ba. A 1863 wani Bature mai suna Glover, wanda ke riƙe da Ikko, ya tara wata 'yar runduna, akasarinta bayi ne 'yan arewa da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu a ƙasar Yarbawa. Su aka riƙa kira Hausawan Glover. An kawo su nan a yaƙin da aka yi da Asante a 1873 zuwa 1874, wanda a cikinsa Wolseley ya ƙone Kumasi. A 1879 aka kafa wa Gwalkwas tata rundunar, aka ci gaba da kiranta da sunan Hausa. Da ita aka je kama Sarki Prempeh a 1896, da ita aka yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900. Saboda haka mutanen kudu da yawa, musamman na ƙauyukan da ayari bai taɓa ratsawa ba, farkon wanda suka ji yana Hausa soja ne da bindiga a bayan Bature. Wannan hoto shi ya zauna a zukatansu, suka kuma bar wa jikokinsu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da tafiya ta yi tafiya, yawancin waɗannan sojoji ba Hausawa ba ne. Turawa sun riƙa ɗibar Gurunsawa, da Farafara, da Dagati, da Mosawa, da Zabarmawa, da Yarbawa. Hausa ita ce harshen bariki, da ita ake ba da umurni, don haka duk wanda ya sa kaki ya iya "zo" da "tafi" sai a ce Bahaushe ne. Haka kuma aka yi wa mayaƙan Babatu, waɗanda suka addabi ƙasar Gurunsi har zuwa 1897. Zabarmawa ne shugabanninsu, akasarin dakarunsu kuma 'yan ƙasar ne da suka kama ko suka bi su, amma da yake da Hausa suke magana da jama'a, har yau akwai masu ɗora wa Hausawa kaɗai wannan ta'asa.

Akwai kuma wani dalili. Bayan faɗuwar Kumasi a 1874, Salaga ta fita daga hannun Asante, su kuma Tonawa suka karkatar da goronsu zuwa Kintamfo da wasu kasuwanni. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, garin sarakunan da ke mulkin Salaga, aka watsa kasuwar. Fatake da malamai suka bazu zuwa Karaci, da Yeji, da Atebubu, da Kintamfo, daga baya kuma Kumasi da Ankara da Sekondi. Wannan ƙaura ta zo daidai da lokacin da Turawa ke kafa mulkinsu, sai mutanen kudu suka ɗauka tare aka zo. Alhali da yawa daga cikin waɗanda suka cika zangunan kudu daga Salaga suka taso, wasunsu ma a can aka haife su.

"Mu muka kawo Musulunci"

Yanzu kuma bari mu juyo gida. Ba wuya ka ji ɗan'uwa a majalisa yana bugun ƙirji cewa in ba don Hausawa ba da ba a san salla ba a wannan ƙasa. Wannan magana ba ta da tushe, kuma tana ɓata wa 'yan'uwanmu Musulmi rai ba gaira ba dalili.

Wangarawa ne, wato fataken ƙasar Mali masu neman zinariya, suka fara kawo Musulunci wannan yanki. Tun ƙarni na 15 suna da unguwarsu a Bego, babbar kasuwar da ke bakin daji ta wajen yamma. Daga zuriyarsu aka sami limaman sarakunan Gwanja, kuma malamansu ne suka rubuta tarihin Gwanja da Larabci a tsakiyar ƙarni na 18. Tsoffin masallatan ƙasa masu tsinin hasumiya da itatuwa a jiki, irin na Larabanga da Bole, ginin wannan tsatso ne. A Wa ma gidajen limanci nasu ne. A ƙasar Dagwamba, inda Musulunci ya sami gindin zama a fada tun zamanin Na Zangina a farkon ƙarni na 18, an sami malamai Wangarawa da Hausawa gaba ɗaya.

Bugu da ƙari, wancan littafi na Tarihin Kano da muke kafa hujja da shi a kan goro, shi ne kuma ya ce Wangarawa daga Mali suka kawo Musulunci Kano a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Ashe ke nan malaman da suka koya wa Gwanjawa salla, danginsu ne suka koya wa Kanawa.

Wannan bai rage wa Hausawa komai ba. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, fataucin goro ya bunƙasa ƙwarai, ayari ya riƙa zuwa da malamai da littattafai, makarantun allo da na ilmi suka yawaita, Hausa ta zama harshen wa'azi da tafsiri a zanguna. Wannan gudummawa tamu ce, ta kuma ishe mu alfahari ba tare da mun haɗa da ta wasu ba.

"Duk ɗan Zango Bahaushe ne, duk Bahaushe baƙo ne"

Wannan kuskure mu da maƙwabtanmu muka yi tarayya a cikinsa. Su suna faɗa don su tattara mu wuri guda su kira mu baƙi, mu kuma wani lokaci mukan yi shiru don yana ƙara mana yawa.

Duk wanda ya tashi a zango ya san cewa kowace ƙabila tana da sarkinta: ga Sarkin Mosawa, ga na Zabarmawa, ga na Yarbawa, da Wangara, da Kotokoli, da Busanga, da Fulani, da Dagwamba. A Ankara, Malam Bako ɗan Malam Na'inno, Bahaushe, shi ya kafa Sabon Zango a wajejen 1912 a kan filin da sarakunan Ga suka ba shi. Amma Nima kuwa Malam Amadu Futa ne, Bafulatani mai harkar shanu, ya kafa ta a shekarun 1930. Kafin su duka akwai mutanen Tabon, waɗanda suka komo daga bauta a Birazil a wajejen 1836, a cikinsu da Musulmi. A Kumasi akwai unguwa sukutum mai suna Zangon Mosawa. Abin da ya haɗa waɗannan al'ummu shi ne addini da kasuwa da harshen Hausa, har ta kai jikan Bamoshe ko Bakotokole ya tashi bai iya wani harshe ba sai ita.

Daɗin daɗawa, mazauna zango da yawa ba su taɓa ƙetare wata iyaka ba. Badagwambe daga Tamale, ko Bafarafare daga Bolga, ko mutumin Wa, duk 'yan ƙasa ne tun kaka da kakanni, amma da zarar sun sauka zango a kudu sai a yi masu kuɗin goro da sauran.

Game da iyakokin ma, sai mu tuna cewa su ne suka zo suka tarar da mutane. Daga 1888 zuwa 1899 Salaga tana cikin wani yanki da Ingila da Jamus suka amince kada kowa ya taɓa. Yandi da Karaci a ƙarƙashin Jamus suke har 1914, sannan suka koma hannun Ingila, ba su kuma zama ɓangaren wannan ƙasa ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1956. Mutumin da aka haifa a Karaci a 1900, in Allah Ya ja kwanansa zuwa 1957, ya zauna ƙarƙashin tuta uku bai gusa daga ƙofar gidansu ba.

"Kakanninmu ba su yi karatu ba"

Wannan ta fi fitowa daga bakin 'ya'yanmu da suka yi boko, waɗanda aka koya wa cewa karatu da ABC ya fara. Gaskiya ne an daɗe ana ɗari-ɗari da makarantun mishan a zanguna, kuma mun ji a jikinmu wajen samun aikin gwamnati. Amma rashin boko daban, jahilci daban.

Misali guda ya isa. Alhaji Umaru na Karaci an haife shi a Kano a wajejen 1858, ɗan bafatake ne, asalinsu Kabawa. Ya zauna a Salaga yana karantarwa, bayan yaƙin 1892 kuma ya koma Karaci inda ya zama limami, ya rasu a can a 1934. Ya rubuta littafi a kan yadda ake tsara wasiƙa, ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan yaƙin Salaga, da zuwan Nasara, da talauci da wadata, da annobar murar 1918. Bajamushe Mischlich, wanda ya buga ƙamus na Hausa a 1906, a wurinsa ya ɗauki abubuwa da dama, ya kuma sa shi ya rubuta masa labaran ƙasar Hausa da al'adunta. Almajiransa sun bazu a zangunan ƙasar nan, gidajen malanta da yawa zuwa gare shi salsalarsu take komawa.

Ba shi kaɗai ba ne. Littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausa da Rattray ya buga a 1913, wani Malam Shaihu ne ya rubuta masa shi da ajami a nan ƙasar. A 1914 wani Malam Abu ya rubuta labarin Zabarmawa da yaƙe-yaƙensu da Hausa, wanda har yau masana ke dogara da shi. A shekarun 1960 cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Legon ta bi gari-gari ta tattara ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da ajami daga gidajen malamai. Irin waɗannan takardu har yanzu akwai su a cikin gafaka da tsoffin adakoki a gidajenmu, gara da ɗanshi suna cinye su, jikokin masu su kuwa suna ganin tarkace ne.

"Goro kaɗai aka yi fatauci"

Wannan kuma labari ne da muke ba kanmu don ya fi daɗin faɗa. Salaga kasuwar goro ce, amma kuma tana cikin manyan kasuwannin bayi na wannan yanki a ƙarni na 19. Ana kawo mutanen da aka kama daga ƙasar Gurunsi da sauran garuruwan arewa, Tonawa su saya su kai kudu, fatake kuma su saya don ɗaukar kaya ko su sayar a gaba. Har yau a Salaga akwai wurin da ake nuna wa baƙi mai suna Wankan Bayi, inda ake wanke su kafin a kai su kasuwa. Sunan da Hausa yake, wannan kuwa ya isa ya nuna harshen da ake ciniki da shi.

Ba Hausawa kaɗai suka yi wannan harka ba. Gwanjawa da Dagwamba da Tonawa da Zabarmawa da Turawa duk da hannunsu, kuma Hausawan kansu an kama su an sayar, kamar yadda muka gani a labarin sojan Glover da na waɗanda aka kai Birazil. Amma idan muna so a karɓi hujjarmu ta cewa mun daɗe a ƙasar nan, to wajibi ne mu karɓi tarihin gaba ɗayansa. Akwai jikokin waɗanda aka sayar a Salaga da muke sahu ɗaya da su a masallaci, mun ba su aure sun ba mu. Kalmomin gori irin su "bawa" da ake jifan wasu da su in an yi faɗa, lokaci ya yi da za a bar su.

Abin da kuskure ya jawo

Wani zai ce, to mene ne na tono abin da ya wuce? Dattawanmu da suka ga 1969 sun san amsa. Tun ma kafin nan, a 1957, 'yan watanni bayan samun mulkin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usmanu Ladan, manyan 'yan jam'iyyar Musulmi a Kumasi, zuwa Nijeriya. Sun kai ƙara kotu cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, ta kashe shari'ar. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 kuma gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubun dubatar mutane suka fita, akasarinsu zuwa Nijeriya, wasu Nijar da Togo da Bukina Faso ta yanzu. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, an raba miji da mata. A cikin waɗanda suka tafi har da waɗanda aka haifa a nan, waɗanda ba su da takardar da za su nuna, ba su kuma san kowa ba a inda aka kai su. A 1983 Nijeriya ta yi irin nata, ta kori baƙi, ciki har da 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya, talakawa suka sake shan wahala.

Ya kamata kowannenmu ya san cewa dokar ƙasa ba ta ambaci ƙabila ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta shekarar 2000 ta ce wanda aka haifa a nan kafin 6 ga Maris 1957, in har a nan aka haifi ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa, to ɗan ƙasa ne ta hanyar haihuwa. Tsarin mulkin 1992 kuma ya ce yaron da aka haifa bayan ya fara aiki ɗan ƙasa ne muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Wato abin da ake nema shi ne a san wa ya haifi wa, a ina, kuma yaushe. Wannan kuwa tarihin gida ne, wanda ba wani Bature ko farfesa da zai rubuta mana.

Haka kuma ba daidai ba ne mu yi ƙarya a ɗaya ɓangaren. Ba kowane gida ne ya fito daga Salaga ba. Wasu kakanninmu a zamanin koko da haƙar zinariya suka zo, wasu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wasu ma kwanan nan, kuma zirga-zirgar ba ta taɓa zama ta hanya ɗaya ba. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, mahaifiyarsa a Ankara ta zauna, shi kuma yana cikin na farkon da suka riƙa kai goro Ikko ta jirgin ruwa, kafin ya koma Kano ya shahara a cinikin gyaɗa. Wanda ya zo jiya ya faɗi gaskiya ya nemi takardarsa ta hanyar da doka ta tanada. Wanda gidansu ya shekara 150 kuma kada ya yarda a maishe shi baƙo.

Saboda haka muna kira ga kowane magidanci da ya zauna da tsofaffin gidansu tun suna raye, musamman iyaye mata, domin su ne suka fi riƙe salsala. A tambaye su sunan kakan da ya fara zuwa, da garin da ya fara sauka, da sana'arsa, da wadda ya aura, da inda aka binne shi. A rubuta, da boko ko da ajami, a ba yara su kwafa. A yi wa jarirai takardar haihuwa tun ana cikin hidimar suna. Tsoffin rasidan fili da na haraji, da takardar sallamar soja, da wasiƙun malamai, a adana su inda ruwa da gara ba za su kai ba. Sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa su ma suna iya buɗe littafi guda a kowace unguwa don wannan aiki.

Masu karatu da ke da labarin kafuwar zangonsu, ko wata tsohuwar takarda da suke so a karanta masu, ƙofar wannan fili a buɗe take. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.